Hawan babur a hunturu da bazara a Masarautar Daura

Babur na daga cikin manyan abubuwan hawa a Masarautar Daura da ke Jihar Katsina, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. 'Yan acaɓa da 'yan kasuwa na hawansa duk shekara, sai dai hunturu da bazara kowanne da irin wahalarsa.

Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iska mai sanyi kan taso daga Sahara ɗauke da ƙura. Hazo yana hana gani sosai, sanyin asuba kuma yana sandarar da yatsu har kama birki ya yi wuya. Saboda haka mahaya kan sa rigar sanyi da safar hannu, su rufe hanci da rawani.

Bazara

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Yawancin babura, irin su Bajaj Boxer, iska ce ke sanyaya injinsu, don haka sukan ɗau zafi idan lodi ya yi yawa, musamman ranar Lahadi da kasuwar Mai'aduwa ke ci. Ƙishirwa kan sa mahayi jiri har ya yi hatsari, shi ya sa da yawa ke fakewa a inuwa da tsakar rana.