Yadda Aka Fara Ƙirga Ƙurar Da Ido Ba Ya Gani

Yau za mu koma baya ne, mu ji tarihin na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da muke shaƙa kullum ba tare da mun gan su ba.

Wasu ƙwayoyin ba su kai nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 70,000. To ta yaya za ka ƙirga abin da ko madubin ƙara girma na asibiti ba ya nuna maka?

Amsar ta fito ne daga Sikotland, wurin wani mai bincike, John Aitken, ɗan garin Falkirk da aka haifa a 1839. A 1880 ya nuna cewa tururin ruwa ba ya zama gajimare haka kawai, sai ya sami ƙwayar ƙurar da zai maƙale mata. Wani Bafaranshe, Coulier, ya riga shi lura da haka a 1875, amma Aitken ne ya mayar da abin ma'auni. Ya ce a ransa, tunda ba na ganin ƙwayar, bari in sa ta yi ƙiba.

A 1888 ya fito da na'urarsa. Sai ya rufe iska kaɗan a wani ɗan akwati mai danshi, ya ja famfo iskar ta buɗe ta yi sanyi nan take. Kowace ƙwaya sai ruwa ya lulluɓe ta, ta zama ɗigo, ta faɗo kan gilashi mai zane-zanen layi. Shi kuma ya sa madubi ya ƙirga da idonsa, ɗaya bayan ɗaya. Daga baya har ta aljihu ya ƙera, yana yawo da ita yana gwada iskar gari da ta kan tsauni.

Abin mamaki, har yau dabarar ba ta canza ba, gyara kawai ake yi. Maimakon ruwa, yawancin na'urorin yanzu tururin sinadarin butanol suke amfani da shi, hasken lesa kuma ya maye gurbin idon mutum. Da haka aka sauko ana kama ƙwayoyi masu nanomita 3, wasu na'urorin ma suna kusantar nanomita 1.

Za ka ce, duk wannan wahalar ta mece ce? Ka ga, an daɗe ana auna gurɓatar iska da nauyi: a tace ta, a ɗora abin da aka tara a sikeli. Matsalar ita ce waɗannan ƙananan kusan ba su da nauyi. Miliyoyinsu za su wuce sikeli bai motsa ba, kuma su ne ke kutsawa can cikin huhu. Shi ya sa daga 2011 Tarayyar Turai ta fara ƙayyade yawan ƙwayoyin da sababbin motocin dizal za su fitar, ba nauyinsu kaɗai ba. Da babu na'urar ƙirga, da wannan dokar ba ta yiwu ba.

Saboda haka in ka tsaya kusa da janareta ko bayan babbar mota ka ga hayaƙin ya washe, kada ka ɗauka iskar ta koma tsaf. Abin da ido ya daina gani, huhu bai daina shaƙa ba.