Kodin, Tiramol da Allurar Fenta: Ta Wace Ƙofa Suka Shigo Ƙasar Kano?

A watan Janairun 2016, asibitin St. Joseph's da ke garin Paterson a jihar New Jersey ta Amurka ya ɓullo da wani tsari a sashensa na gaggawa. Duk wanda aka kawo da tsakuwar ƙoda, ko ciwon baya, ko karaya, sai likita ya fara gwada wata hanyar kwantar da zafi, kamar allurar kashe jijiya a daidai wurin ciwon, kafin ya kai ga magunguna dangin mofin. A 2017 asibitoci 10 na jihar Kolorado suka gwada irin wannan tsari na tsawon wata shida, suka rage ba da waɗannan magunguna da kashi 36 cikin ɗari.

Amurkawa suna da hujjar fara gyara daga teburin likita, domin daga nan ɓarnar ta taso. A 1980 wata mujallar likitoci ta Boston ta buga gajeriyar wasiƙa da ke cewa da wuya majinyacin da ke kwance a asibiti ya kamu da jarabar irin waɗannan magunguna. Wasiƙar ba ta wuce jimla biyar ba, amma aka yi shekaru ana kafa hujja da ita kamar cikakken bincike. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, ya baza 'yan talla ofisoshin likitoci. Zuwa 2012 an rubuta takardun irin wannan magani kimanin miliyan 255 a shekara guda.

Tarihin Kano bai bi wannan hanya ba, kuma duk mai son aro tsarin Paterson ya kamata ya fara da sanin haka. A gari irin Indabo, cikin ƙaramar hukumar Wudil, mai ciwon jiki ba ya fara neman likita. Kemis yake zuwa, ko ya tari mai tallar magani ranar kasuwa. Sai abin ya faskara ake nufar Babban Asibitin Wudil, in ya fi ƙarfin nan a miƙa Kano, tafiyar kimanin kilomita 40, zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano. Kafin majinyaci ya ga alƙalamin likita, sau da yawa ya riga ya sha abin da zai sha. Wasu ma ba ciwo ya kai su ba: ɗan ƙwadagon gona da mai dako sun san tiramol a matsayin abin da ke sa a wuni ana aiki ba a ji gajiya ba.

Tiramol ɗin nan a Jamus aka fara sayar da shi a 1977, kuma bai shiga jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsaurara ba. Wannan giɓi ne ya ba shi damar kwarara daga masana'antun Indiya zuwa Afirka ta Yamma cikin kwantena. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai nauyin miligiram 50 da 100, amma abin da jami'an kwastan da na NDLEA suka riƙa kamawa ya haɗa da mai 200 da 225. Kodin kuwa cikin maganin tari ya ɓuya, akasarinsa ma a gida Nijeriya ake haɗa shi, ya bi ta kasuwar magani ta Sabon Gari ya watsu unguwanni da ƙauyuka, har cikin ɗakunan matan aure.

A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta kodin kullum a Kano da Jigawa. Adadi ne da ya fi kama da kirdado, amma ya tayar da hankali. Abin da ya motsa gwamnati shi ne fim ɗin binciken da BBC ta saki a ƙarshen Afrilun 2018, wanda ya nuna yadda ake fitar da maganin ta bayan gida, ya kuma nuna matasa ɗaure da mari a wani gidan gyaran hali a Kano. Ranar 1 ga Mayu ministan lafiya Isaac Adewole ya sanar da haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Binciken ƙasa da aka fitar a Janairun 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 sun sha ƙwayoyi dangin tiramol ba don jinya ba cikin shekara guda, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Gari don tilasta wa 'yan kasuwar komawa sabuwar cibiyar Dangwauro. Kasuwa dai ba ta rasa dabara: a 2025 wani binciken BBC ya gano ana shigo da tafentadol, ɗan'uwan tiramol da ya fi shi ƙarfi.

Abin takaicin shi ne, yayin da titi ke ambaliya, asibiti fari yake yi. Kwamitin da mujallar Lancet ta kafa ya ruwaito a 2017 cewa mofin da Nijeriya ke samu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na bukatar masu matsanancin ciwo ba. Shekaru da dama Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ce kaɗai ke shigo da shi, tana ajiye shi a rumbunta na Oshodi a Legas, sai asibiti ya tura mai harhaɗa magani da takardu ya karɓo. Likitan gaggawa a Wudil da aka kawo wa wanda mota ta kakkarya a hanyar Maiduguri ba yawan mofin ne damuwarsa ba.

Akwai wuri ɗaya da hannun ma'aikacin asibiti ya fito fili, wato allurar fentazosin, wadda aka fi sani da fenta. Rashin mofin ya sa ta zama abin da ake ɗaukowa a ɗakin gaggawa, musamman ga masu amosanin jini idan ciwon ƙashi ya taso. Aikinta ba ya daɗewa, kuma tana da iyakar da in an wuce ta ƙarin allura ba ya ƙara sauƙi sai illa. Likitocin Nijeriya sun sha rubuta rahoto kan masu sikila da suka fara karɓarta a asibiti, daga baya suka koma saye a kemis suna yi wa kansu, har naman cinya ya ƙandare, gyambo ya buɗe. A nan darasin Paterson yana da amfani: ƙa'ida a rubuce kan wanda za a yi wa, da sau nawa, da abin da za a sallame shi da shi.

Sai dai ragewa ba tare da madadi ba ita ma an ga ƙarshenta. Bayan hukumar CDC ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta na 2016, likitoci da yawa sun tsorata, masu sikila suka riƙa zuwa ɗakin gaggawa suna murƙususu ana yi musu kallon 'yan ƙwaya. Da aka sabunta ƙa'idojin a 2022, an rubuta ƙarara cewa ba su shafi masu sikila da masu ciwon daji ba. Amurka tana da masu sikila kimanin dubu 100 gaba ɗaya. Nijeriya kuwa, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana haifar kimanin dubu 150 kowace shekara.