Tarihin Raba Ruwa da Ɗanyen Mai: Daga Tanki Zuwa Kwamfuta

Sanin kowa ne mai ba ya gauraya da ruwa, amma a rijiyar mai tare suke fitowa. Ruwan kuwa mai gishiri ne, yana cinye bututu da tsatsa, kuma masu saye ba sa karɓar ɗanyen man da ruwa ya yi wa yawa. Dabarar farko ita ce a zuba a tanki a jira ruwan ya kwanta. A shekarar 1851 George Stokes na Jami'ar Kambirij ya fitar da lissafin saurin nutsewar ƙaramin ɗigo, wanda ya nuna cewa babban ɗigo ya fi ƙarami saurin sauka. Saboda haka a farkon ƙarni na 20 Frederick Cottrell ya yi amfani da lantarki a Kalifoniya don haɗe ƙananan ɗigogi su yi nauyi.

Da haƙar mai ta koma cikin teku, sai jira a tanki ya kasa biyan bukata, domin mai da ruwa da gas sukan yi doguwar tafiya a bututu ɗaya, inda ido ba ya gani. A wajen 1980 cibiyar binciken makamashi ta IFE a Norwe, wadda ta gogu da lissafin ruwa da tururi a tukwanen nukiliya, ta fara tsara OLGA, wato lissafin da kwamfuta ke yi don kwaikwayon gudanar mai da gas a bututu. An gwada amsoshinsa da awon da aka yi a manyan bututan gwaji na Tiller, kusa da Trondheim, daga baya aka shigar da ruwa cikin lissafin.

Irin wannan ilmi ya ba injiniyoyi ƙarfin halin sauke na'urar rabawa zuwa ƙasan teku, a filin Troll a 2001, sannan a Tordis a 2007. A Tordis na'urar ta raba ruwan, aka tura shi ƙarƙashin ƙasa. Amma a 2008 sai ruwa mai maiƙo ya tsage ƙasa ya ɓullo cikin teku, bincike ya nuna dutsen da aka tura shi ciki ba irin wanda aka zata ba ne. Ɗalibi da ma'aikacin da za a kawo wa sakamakon kwamfuta ya sa hannu, wajibi ne su tambayi abin da aka auna da abin da aka zata kurum.