Birin da Ya Ƙi Cin Latas

Yau zan kai ku ɗakunan gwaji na Amurka, mu ga yadda dabbobi suka koya wa masana cewa lada ba ya da ƙima shi kaɗai, sai an gwada shi da wani.

Mu fara da 1928. Wani masani, Otto Tinklepaugh, yana ɓoye ayaba ƙarƙashin kofi biri na kallo. Sai ya faki idon birin ya musanya ta da ganyen latas. Da biri ya ɗaga kofi, sai ya ƙi taɓa ganyen, ya shiga dube-dube, wani lokacin har da yi wa mutumin tsawa. Alhali fa latas ɗin nan yana ci lafiya lau idan shi aka nuna masa tun farko.

A 1942 Leo Crespi ya auna gudun ɓeraye zuwa wurin abinci. Waɗanda suka saba samun ƙwaya 256, da aka mayar da su 16, gudunsu ya faɗi ƙasa da na waɗanda dama 16 suka sani. Abinci ɗaya, amma zuciya daban.

Sai 1961, George Reynolds ya zo da tantabaru. Tantabara na saran wani maɓalli mai sauya launi, a ce ja da kore, tana samun hatsi jefi-jefi a kowanne. Sai ya yanke hatsin launi ɗaya. Saran wannan launin ya ragu, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin mamakin shi ne, a ɗaya launin da ba a taɓa komai ba, sai ta ƙara ƙaimi. Wannan shi masana ke kira bambancin hali: sauyi a can ya motsa aiki a nan.

Ni kaina na gani. Mun taɓa rage kuɗin mota na matasan da ke taya mu aikin sa-kai, tsofaffi suka ja baya, sababbi kuwa suna murna da adadin nan ɗaya. Na zarge su da kwaɗayi, daga baya na gane kuskurena. Don haka kafin ka saba wa mutum da abu, ka tabbata za ka iya ɗorewa.