Yadda Aka Koyi Narkar da Ƙarafan da Suka Gagari Wuta

Akwai ƙarafa da wutar maƙera ba ta ko girgiza su. Tungistin sai zafi ya kai digiri 3,422 yake narkewa, tantalam 3,017, molibdinam 2,623, nayobiyam 2,477. Samar da zafin ma da sauƙi. Babbar wahalar ita ce tukunya: duk abin da aka zuba ruwan ƙarfen a ciki, ko dai ya narke ko ƙarfen ya ci jikinsa ya gurɓace. Ga kuma iska. Da zarar waɗannan ƙarafa sun yi ja, sai su sha oksijin da naitirojin, kuma ɗan kaɗan ya isa ya sa curin ya yi gautsi, ya tsage a ƙarƙashin guduma.

A farkon ƙarni na 20 Werner von Bolton, na kamfanin Siemens a Jamus, ya narkar da tantalam da tartsatsin lantarki irin na mai walda, a cikin akwatin da aka zuƙe iskarsa. Ƙarfen ya fito da taushin da za a ja shi ya zama waya, har aka fara sayar da ƙwan lantarki mai zaren tantalam a 1905. A Amurka kuwa William Coolidge kauce wa narkarwar ya yi: wajen 1910 ya matse garin tungistin, ya gasa shi, ya yi ta bugu har ya zama waya. Har yau yawancin tungistin ta haka ake sarrafa shi.

Sai dai gari ba ya ba da babban curi. A shekarun 1940 Robert Parke da John Ham, na kamfanin Climax Molybdenum, suka mai da ƙarfen kansa sandar da ke ba da tartsatsi. Sandar na narkewa tana ɗiga cikin tukunyar jan ƙarfe da ruwa ke zagayawa yana sanyaya ta. Ruwan ƙarfen na taɓa bangon sai ya daskare, ya zama shi ne tukunyar kansa. A ganina wannan ce dabara mafi kyau a duk tarihin. Amma curin yakan fito da manyan ƙwayoyi, sai an matsa shi da zafi kafin ya yarda da ƙira, kuma idan aka yi gaggawar narkarwa kayan gamin da aka haɗa da ƙarfen sukan taru wuri guda.

Narkarwa da harbin ilektoron tun 1907 Marcello Pirani ya yi rajistar dabararta, amma sai a shekarun 1950 kamfanin Temescal na Kalifoniya ya mai da ita sana'a, bayan an samu famfunan zuƙe iska masu ƙarfi. A nan ana iya barin ƙarfe a narke muddin ana so, datti na ƙafewa yana fita. Matsalar ita ce wutar ba ta bambance datti da abin da aka zuba da gangan. Titaniyam da alminiyam ma gudu suke yi. Shi ya sa aka saba haɗa hanyoyin biyu: a wanke nayobiyam da ilektoron, sannan a zuba gami a sake narkarwa da tartsatsi. Gamin C-103, mai kashi 89 cikin ɗari nayobiyam, 10 hafniyam, 1 titaniyam, da shi aka ƙera bakin injin kumbon Apollo.

Mu ma 'yan Nijeriya labarin ya shafe mu. Kolambait ɗin da ake samu tare da kuza a tsaunukan Jos shi ne ma'adinin nayobiyam, kuma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen haƙo shi. Ɗanyensa aka riƙa lodawa zuwa ƙetare. Narkarwar da ke ba shi daraja can aka yi ta, kuma har yau can ake yin ta.