Tankin Mai a Jirgin Ƙirar Hannu: Daga Takoradi Zuwa Kpong

Mai karatu, in a Nima ko Maamobi kake zaune, ba sai an kwatanta maka ƙarar jirgin sama ba. Filin jirgin Accra yana nan bayan gida, yaranmu da ɗaga kai suka tashi. A cikinsu akwai masu walda da makanikai da ke cewa wata rana sai sun ƙera nasu. To, shirin wannan mako nasu ne, kuma mun ɗauko ɓangaren da aka fi rainawa a jikin jirgi, wato tankin mai da hanyar da man ke bi ya isa inji.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin wannan matsala. A 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya. Sai suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, da Khartum, har Alƙahira. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, kuma ayarin farko ya tashi a watan Satumba na shekarar. Ƙaramin jirgin yaƙi irin Hurricane an yi shi ne don gajeren zango, saboda haka sai da aka ƙara masa tankuna kafin ya iya tsallake dajin da ke tsakanin tasha da tasha. A 1941 kamfanin Pan American na Amurka ya kafa hedkwatar aikinsa na Afirka a Accra, kuma aikin da sansanonin soja na wancan zamani suka samar yana cikin abin da ya cika Nima da baƙi.

Injin Merlin da ke cikin Hurricane da Spitfire yana da wata cuta. In matuƙi ya kifa hancin jirgi ƙasa farat ɗaya, man da ke cikin kafireta sai ya yi sama, inji ya rasa mai, daga baya kuma man ya malale ya shaƙe shi. Jiragen Jamus ba su da wannan damuwa, don famfo ne ke fesa musu mai kai tsaye. Wata injiniya 'yar Ingila, Beatrice Shilling, ita ta kawo sauƙi a 1941, da ɗan faifan ƙarfe mai huda a tsakiya da aka sa a bututun mai, ya hana man wuce abin da inji ke bukata. Abu kamar kwabon da, amma ya tsare rayukan matuƙa. Ka lura, man yana nan a tanki. Isarsa inji daidai gwargwado, a kowane hali jirgi yake, ita ce maganar.

Trotro in mai ya yanke masa a hanyar Kanda, fasinja su sauka a tura, a yi ta mita, shi ke nan. Jirgi ba ya da gefen titi.

Mu zo zamaninmu. A Kpong, kusa da kogin Volta, wani kamfani mai suna WAASPS, ƙarƙashin Baturen Ingila Jonathan Porter, ya riƙa harhaɗa ƙananan jirage da hannu, irin Zenith CH 701 masu injin Rotax. A nan ne Patricia Mawuli, wadda ta fara zuwa aikin saran daji a filin a 2007, ta koyi haɗa jirgi da tuƙa shi, ta karɓi lasisinta a 2009. A Kano ma, a 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen mota. Ashe dai abin bai fi ƙarfinmu ba. Sai dai wanda ya haɗa jirgi da hannunsa, shi ne injiniyan tankinsa, babu wani kamfani a bayansa da zai ɗora wa laifi.

Jirgi mai fuffuke a sama, irin na Kpong, tankinsa na cikin fuffuken, mai yana gangarowa da nauyinsa kamar na babur. Amma tankin fuffuke shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti. In mai ya yi ƙasa, jirgi kuma ya karkata ko ya goce gefe wajen sauka, sai man ya gudu can ƙarshe, bakin bututu ya tsotso iska. Daga nan sai inji ya yi tari. Maganin da masu ƙira suka gada kashi biyu ne. Ana sa shingaye a cikin tanki, masu 'yan ƙofofi da ke barin mai ya zo wajen bututu amma su hana shi komawa da sauri. Wasu kuma suna ƙara ɗan ƙaramin tanki mai zurfi a ƙasa da manyan, wanda kullum a cike yake, in na fuffuke sun yanke na ɗan lokaci shi zai riƙe inji.

Sai numfashi. Duk mai janareto ya san in hudar murfin tanki ta toshe, injin zai yi ta aiki can ya mutu, ga mai cike. Haka jirgi yake. Mai ba ya fita sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Kuma a ƙasarmu babban maƙiyin wannan ɗan bututu shi ne zanzaro. Kwana kaɗan jirgi ya yi a ajiye, ya zo ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Abin dariya ne a baki, amma a sama, wallahi, ba dariya.

Ruwa ma haka. Iskar bakin teku irin ta Accra a jiƙe take, tankin da ya kwana rabi yana iya tara raɓa a ciki, ga kuma man jarka da ba ka san inda ya kwana ba. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwantawa, shi ya sa ake yin maɓulli a wuri mafi zurfi, a tsiyayo kaɗan a kofi mai haske a duba kafin kowane tashi. Zafi kuma yana da nasa sharri. Injin Rotax yana shan fetur ɗin mota, wanda ya fi man jirgi saurin zama tururi a bututun da ya ɗumama, famfo ya rasa abin ja. Don haka ake fitar da siririn bututu da ke mayar da ɗan mai da tururin cikin tanki.

Amma gyara ma yana kisa, in aka yi shi ba a tuna da matuƙi ba. Ranar 12 ga Oktoba 1997, mawaƙin Amurka John Denver ya mutu a tekun Monterey, jihar Kalifoniya, cikin jirgin ƙirar hannu samfurin Long-EZ da bai daɗe da saya ba. A zanen Burt Rutan, mai ƙirar jirgin, makunnin sauya tanki yana tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya haɗa wannan jirgi ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, don kada bututun mai ya ratsa wajen zama. Niyya mai kyau ce. Amma makunnin ya yi tauri, ma'aunin mai ma yana baya, kuma Denver ya tashi bai ƙara mai ba. Masu bincike na hukumar NTSB sun kammala cewa da tanki ɗaya ya ƙare, ya juya jikinsa don ya kai hannu, ƙafarsa ta danna fedar juya jirgi, jirgin ya kufce masa. A ganinmu, duk mai shirin sauya wani abu daga zanen asali ya zauna a kujerar, ya ɗaure bel, ya ga ko hannunsa na kaiwa ido a rufe.

Kafin tashin farko akwai gwajin da ba ya bukatar komai sai jarka, agogo da haƙuri. A ɗaga hancin jirgi a ƙasa kamar yana hawa, a zuba mai kaɗan a tanki, a kwance bututu daga bakin kafireta, a auna abin da ke zuba. Ƙa'idar Amurka da masu ƙirar hannu ke aro ta ce, in nauyin mai ne kaɗai ke gangaro da shi, ya ba da kashi 150 cikin 100 na abin da inji ke sha wajen tashi, in da famfo kuma kashi 125. Rotax 912 mai ƙarfin doki 100 yana shan wajen lita 27 a awa in an buɗe masa wuta duka, kenan da famfo kana neman kusan lita 34 a awa. Inda man ya daina zuwa, a auna ragowar da ke cikin tanki a rubuta, don wannan ba ya cikin lissafin tafiya. Bayan haka ne za ka nufi hukumar jiragen sama ta Ghana, GCAA, da takardunka, don ba a tashi sai da izininta.