Walk Hard: Fim ɗin barkwancin da masu sharhi suka yaba, 'yan kallo suka ƙaurace masa

Walk Hard: The Dewey Cox Story fim ne na barkwanci da aka fitar a Amurka ranar 21 ga Disamba, 2007. Jake Kasdan ne ya ba da umarni, shi da Judd Apatow suka rubuta labarin, John C. Reilly kuma ya fito a matsayin Dewey Cox, wani ƙagaggen mawaƙi. An shirya shi ne domin yi wa finafinan tarihin rayuwar mawaƙa shaguɓe, musamman Ray na 2004, a kan Ray Charles, da Walk the Line na 2005, a kan Johnny Cash.

Masu kallon Kannywood sun san barkwancin kwaikwayo daga marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya yi suna wajen kwaikwayon fitattun mutane. Bambancin shi ne, Walk Hard bai tsaya ga kwaikwayon mutum guda ba, salon ba da labarin mawaƙa ya sa a gaba.

Abin da ya yi wa ba'a

Finafinan nan biyu turba ɗaya suka bi: tashi cikin talauci, rashin ɗan'uwa tun ana yara, shahara, shaye-shaye, rikicin aure, sannan farfaɗowa. Ƙanin Ray Charles a ruwa ya nutse, shi kuma daga baya ya makance. Yayan Johnny Cash ya rasu sakamakon haɗarin injin zarto. A Walk Hard, Dewey ya datse ɗan'uwansa gida biyu da adda bisa kuskure, daga nan hancinsa ya daina jin ƙamshi da wari. Reilly, wanda ya haura shekara 40 a lokacin, shi ne ya fito a matsayin Dewey ɗan shekara 14.

Yadda aka karɓe shi

Akasarin masu sharhi sun yaba wa fim ɗin, musamman wasan Reilly da ingancin waƙoƙin, waɗanda shi da kansa ya rera. An sanya shi cikin 'yan takarar lambar Golden Globe a rukuni biyu: gwarzon ɗan wasa da waƙa mafi kyau. Waƙar ta kuma shiga takarar Grammy.

A gidajen sinima kuwa labari ya sha bamban. An kashe kimanin dala miliyan 35 wajen shirya shi, amma abin da ya tara bai wuce kusan dala miliyan 20 ba. Ya fito rana ɗaya da kashi na biyu na National Treasure, wanda ya janye 'yan kallo a hutun Kirsimeti. Bugu da ƙari, saboda kalamai da fitowar batsa da ke cikinsa, ba a barin 'yan ƙasa da shekara 17 su kalle shi sai tare da babba.

Bayan shekaru

Sannu a hankali fim ɗin ya samu masoya ta faifan DVD da talabijin. Sunansa ya sake tashi a 2018, lokacin da Bohemian Rhapsody, tarihin Freddie Mercury, ya fito. Masu sharhi da dama sun yi nuni da cewa ya maimaita abubuwan da Walk Hard ya yi wa dariya shekara 11 kafin nan. Duk da haka ya tara sama da dala miliyan 900, ya kuma lashe lambobin Oscar huɗu.

A yau Walk Hard ya zama ma'aunin da masu sharhi ke ɗora sabbin finafinan mawaƙa a kai, irin su Rocketman na 2019 da Elvis na 2022. 'Yan kallo kuwa ba su fasa tururuwar zuwa kallon su ba.